Babi na Biyar: 'Yar Bora Ta Kama Hanya

Ruwan Bagaja iri biyu ne a ƙasar Hausa. Akwai na littafi, wanda Abubakar Imam ya rubuta aka buga a 1934, ɗalibai suka yi ta haddace shi saboda jarrabawa. Akwai kuma na bakin kaka, wanda ya girmi littafin nesa ba kusa ba, ana ba da shi da dare a tsakar gida tun daga Marnona da Achida har Kano da Damagaram. A na littafi, wanda ya fita neman ruwan namiji ne, Alhaji Imam, yana tafe suna ramuwar gayya da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. A na kaka kuwa, yarinya ce.

Labarinta da zalunci ya soma. Gida ne mai mata biyu, mowa da bora, kowacce da 'yarta. Aka wayi gari an jiƙa ƙirgin da yara ke kwana a kai. 'Yar mowa ce ta yi fitsarin, amma wa ya isa ya faɗa? Aka ɗora wa 'yar bora laifi, aka naɗe ƙirgi aka aza mata a ka, aka ce kada a sake ganin ta sai ta wanko shi a ruwan Bagaja, ruwan da ba wanda ya san inda yake. Manufar a fili take: ta tafi ke nan.

Ta shiga daji ita kaɗai. Duk kogin da ta tarar sai ta tsaya ta tambaye shi ko shi ne Bagaja, shi kuma ya ce a'a, ya yi mata tayin abin da yake gudana da shi, wani tuwo da miya, wani nama, wani zuma. Ga yunwa na cin ta, amma ta yi godiya ta wuce. Da ta kai ga ruwan ta gama wankinta, sai ta fake a wata bukka, inda ta iske masu gida biyu: cinya, tsurarta ba gangar jiki, da kare mai yi mata tafinta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma zura da gudu ba. Aka miƙa mata ƙwayar shinkafa ɗaya da ƙashi guda aka ce ta dafa, ta ɗora tukunya ba musu, tukunya ta cika fal. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami. Inda ta fasa shi, nan dawaki da shanu da barori suka fito, ta koma gida a kan doki. 'Yar mowa da aka tura ta kwaikwaya ta cinye duk abin da aka yi mata tayi, ta yi wa cinya tsiwa, ta zari babban ƙwai, ta kwaso wa uwarta abin kunya.

Kowace tsohuwa da irin gishirin da take ƙarawa, amma ƙashin bayan labarin bai canzawa: yarinyar da aka raina, an kore ta daga gida, ta ratsa duniyar da dokokinta suka saɓa wa na mutane, ta dawo ba yadda ta tafi ba. Duk wanda ya buɗe littattafan almara na matasa da ake rububinsu a duniya yau, wannan ƙashin bayan zai tarar, sai dai an yi masa shafi ɗari huɗu da bango mai ƙyalli.

Yadda aka bar ta a bakin zaure

Da labari ya tashi daga tabarma ya hau takarda, yarinyar ba ta samu gurbi ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Littattafai biyar suka fito daga gasar: *Ruwan Bagaja*, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida tare da East. Marubutan duk maza, taurarin duk maza. Ba abin mamaki ba ne, don Kwalejin Katsina da makarantun midil da suka yaye masu riƙe alƙalamin boko na wancan zamani, 'ya'ya maza suke ɗauka.

Almara kam ba a rasa ta ba. Ganɗoki ya tashi daga fagen yaƙi da Turawa ya zarce ƙasashen aljanu. *Iliya Ɗan Maiƙarfi* na Ahmadu Ingawa ya zo a 1951 da nasa bajintar. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a *Tauraruwa Mai Wutsiya*. Mace a irin waɗannan littattafai takan zo ne a matsayin uwar da aka baro a gida, ko gimbiyar da za a ɗaura wa jarumi a shafin ƙarshe. Mahaifiyar Shaihu Umar ce ta fita daban, wadda ta keta Sahara tana neman ɗanta, amma ita ma littafin ba sunanta ya ɗauka ba.

Da mata suka karɓi alƙalami, wani fage suka nufa. Hafsat Abdulwaheed ta fito da *So Aljannar Duniya* a 1980, da Boɗaɗo, 'yar Fulanin da ta kafe kan wanda ranta yake so. Balaraba Ramat Yakubu ta kawo Abu a *Wa Zai Auri Jahila?*, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar ga tsoho, ta ƙi zama, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da ɗaruruwan marubutan Adabin Kasuwar Kano suka biyo baya. Jarumtaka ce ta gaske, sai dai filin dagarta cikin gida ne: kishiya, auren dole, uwar miji, saki. Daji da takobi da birnin aljanu aka bar wa littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda samari suka fi yi wa layi a shagon haya.

Haka aka raba gado. Mata suka ɗauki ɗaki, maza suka ɗauki hanya.

Ta ɓullo ta wata ƙofa

A can waje kuwa, wasu 'ya'yan Afirka ta Yamma da suka tashi a Amurka sun mayar da yarinyar kan hanya, kasuwa kuma ta karɓe ta hannu bibbiyu.

Mafi kusa da ƙasar Hausa shi ne *The Shadow Speaker* na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2007. A Nijar aka gina labarin, cikin shekarar 2070, bayan wani babban sauyi ya rikita duniya har tsafi da na'ura suka cakuɗe. Tauraruwar, Ejii, 'yar shekara 14 ce, Musulma, mai jin maganar inuwoyi. Mahaifinta ya mulki garinsu da danniya, musamman kan mata, har wata mayaƙiya mai suna Sarauniya Jaa ta dawo ta sare kansa a gaban idon 'yarsa. Abin da ya ba littafin armashi shi ne Ejii ta bi sawun wannan matar cikin Sahara, a kan raƙuminta mai magana, tana tsoronta tana kuma sha'awar ta koya daga gare ta, daga ƙarshe ta gane aikinta shi ne ta hana Jaa zubar da jinin da zai jawo yaƙi.

A 2011 Okorafor ta sake fitowa da *Akata Witch*, labarin Sunny, zabiya 'yar shekara 12 da aka haifa a Amurka aka dawo da ita ƙasar Ibo. Kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga shi don 'yan Nijeriya da sunan *What Sunny Saw in the Flames*. A watan Maris na 2018 Tomi Adeyemi, tana da shekara 24, ta fitar da *Children of Blood and Bone*, wanda ya hau saman jerin littattafan matasa na jaridar New York Times tun makon farko. A 2021 Namina Forna, haifaffiyar Saliyo, ta kawo *The Gilded Ones*. Kafin su duka uku, Katniss ta *The Hunger Games*, littafin Suzanne Collins na 2008, ta riga ta nuna wa masu ɗab'i cewa yarinya 'yar shekara 16 da kwari da baka tana iya sayar da miliyoyin kwafi.

Me ke riƙe mai karatu har asuba a kan waɗannan littattafai?

Na farko, abin gorin jarumar shi ne yake komawa makaminta. Sunny zabiya ce, ana tsokanarta a aji, rana kuma ta hana ta ƙwallon da take so. Sai ga shi a duniyar ɓoye da ta shiga, wannan halitta tata ce ta ba ta ikon ratsa tsakanin mutane da ruhohi. Zélie ta Adeyemi farin gashinta ne shaidar cewa ita 'yar ƙabilar da sarki ya murƙushe ce. Deka ta Forna, ranar bikin tantance 'yan mata aka tsaga ta, jininta ya fito ruwan zinariya maimakon ja, gari ya ce ƙazama ce. Shekarun balaga shekaru ne da kusan kowace yarinya take jin akwai abin da ake kallo a jikinta: tsawo, duhun fata, in'ina, talaucin gida, ko zaman uwarta bora. Littafin da ya ce mata abin nan yana da wata fuska, ya gama da ita.

Na biyu, hanya. Yarinya a Marnona ko Rabah ta san iyakar da aka shata mata: makarantar boko in an samu, Islamiyya, rijiya, niƙa, talla, gidan goggo. Wanta yana iya bin motar albasa daga fadamar Wurno har kudu, ya dawo da labarin Ibadan. Ita sai dai ta saurara. A cikin littafi, ita ce mai tafiyar, ita ke zaɓen inda za a kwana, ita ke ciniki da baƙo.

Na uku, tsohuwa. Kusan babu ɗaya daga cikin jaruman nan da ta koyi abin da ta iya daga saurayi. Mama Agba ce ta koya wa Zélie faɗa da sanda a ɓoye, a bayan sana'ar ɗinki. Sunny a hannun wata dattijuwa mai kula da ɗakin karatu ta samu horo, a duniyar da kuɗi ke zubowa daga sama duk lokacin da mutum ya koyi sabon abu. Mai karatu Bahaushiya ba ta bukatar a yi mata bayanin wannan dangantaka, ita da ta san kaka da inna da malamar cikin gida.

Na huɗu ya fi nauyi. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, jama'a suka kwarara garin Gandi gudun hijira. A Satumban 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda tsaro. Wata guda bayan haka aka kashe mutum fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Yarinyar da ta girma cikin waɗannan shekaru ta san daji ba wasa ba ne. A labaran rediyo, irinta adadi ce: an sace mata kaza, an sako kaza. A littafin almara kuwa tana da suna, tana da ƙanwar da take karewa kamar yadda Katniss ta miƙa kanta a madadin tata, kuma shawarar da ta yanke ita ke juya labarin.

Kayan gini na nan a gida

Wanda zai rubuta irin wannan littafi da Hausa bai da dalilin aron jaruma daga ƙetare. A Wurno, ribaɗin da ya gina ya kuma rasu a cikinsa a 1837, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance. Littafinsa *Infaƙul Maisuri*, na 1812, yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka adana labarin Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta. Daga wannan Aminar Roye Okupe ya samo Malika, sarauniyar littattafansa na zane, Izu Ojukwu kuma ya yi fim ɗinta da ya fito a Netflix a 2021. A yankin da ake kira Arewa a Nijar akwai Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya mayar da tarihinta ƙagaggen labari a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987. Matan Hausa ne, amma da Ingilishi da Faransanci aka fi cin moriyar labarinsu.

Sai kuma 'yar'uwar Bello, Nana Asma'u. An haife ta a 1793, tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da ƙaura da zaman sansani har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ta girma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru don ilimin matan karkara.

Tsarin ya cancanci a tsaya a dube shi. A kowane ƙauye akwai jaji, dattijuwa mai ilimi da amana, wadda Asma'u take naɗawa da hannunta: ta ɗora mata malfa, a kewaye malfar da jan rawani. Malfa alama ce da jama'a suka riga suka sani a kan Inna ta Gobir, shugabar bori. Asma'u ta ɗauke ta ta ba ta sabuwar ma'ana. Jaji ce ke shiga gaba, a bayanta tsofaffi da 'yan matan da ba su kai aure ba, da ƙoransu na hatsi da zuma da man shanu, suna taka sayyada ta cikin daji zuwa wurin malama. Su haddace waƙoƙin karatu, su juyo gida su koya wa matan auren da ba su samu fita ba. Jean Boyd ta tattara wannan tarihi a littafinta na 1989, daga baya ita da Beverly Mack suka buga tarin rubuce-rubucen Asma'u a 1997.

Ba mai hankalin da zai sa Nana Asma'u cikin labarin aljanu. Darajarta ta wuce nan, ita kanta kuma ta yi rubutu tana hani ga bori. Amma yarinyar da ke bayan jaji fa? Tarihi bai riƙe sunanta ba. Shekarunta goma sha, ta bar ƙauyensu karo na farko, tana ɗauke da ƙwarya a ka da baitoci a zuci, tsakaninta da gida akwai kogin Rima da kwana a hanya. Ga raini, ga tafiya, ga tsohuwa mai horo, ga haɗari. Abin da marubuci zai ƙara kaɗan ne.

Inda gardama take

Iyaye da malamai suna da abin cewa, kuma ba a banza ba. Littafin Adeyemi a kan allolin gargajiyar Yarabawa aka gina shi. Fassara shi kai tsaye zuwa Hausa zai gamu da tambayar aƙida tun daga bango. Marubutan Hausa ba su manta da 2007 ba, shekarar da gwamnatin Jihar Kano ta lokacin ta jagoranci ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a da hujjar suna ɓata tarbiyya. Sai dai Bahaushe bai taɓa ƙin abin al'ajabi a labari ba. Ya karɓi *Dare Dubu da Ɗaya*, wanda mace ce ma take riƙe da zarensa, ya karɓi akun *Magana Jari Ce* da ya zama waziri. Masu littattafan yaƙi sun daɗe da gano mafita: boka da matsafi su ne abokan gaba, jarumi kuma da addu'a da ilimi da dabara yake cin nasara.

Wata gardamar ta cikin gida ce, tsakanin masu karatu. Akwai jarumar da in aka cire mata ɗankwali, Ganɗoki ne kawai: sara, suka, kirari. Irin wannan takan burge a babi na farko, ta gundura a na biyar. 'Yar bora ba ta mari kowa ba. Ƙarfinta shi ne ta ga kogin zuma tana jin yunwa ta wuce, ta ga cinya na magana ta gaishe ta da ladabi.

Amma ita ma tatsuniyar tana da inda ta tsaya. Ladan haƙuri da biyayya take koyarwa. Yarinyar ta dawo da dukiya, bora ta samu sararawa, shi ke nan. Ba wanda ya koma kan tambayar wa ya jiƙa ƙirgi, ba wanda ya tuhumi uban da ya zuba ido aka tura 'yarsa halaka. A nan ne littafin matasa na yau ya sha bamban da kakarsa, a nan kuma mafi yawan farin jininsa yake. Zélie ba dukiya ta fita nema ba, dokar sarki ta fita rushewa. Deka ta koma ta binciki waɗanda suka ƙirƙiro bikin tsaga 'yan mata. Ejii ta tsaya gaban matar da take girmamawa ta ce mata a'a. Mai karatu 'yar shekara 15 tana son ladabin 'yar bora, tana kuma son ta ji an kira maigida an tambaye shi.

Daga shagon haya zuwa waya

Hanyar da labari ke bi ya isa hannun yarinya ta sauya. Shagunan hayar littafi sun ja baya, waya ta maye gurbinsu. Marubuta mata da yawa yanzu shafi-shafi suke sakin labari a WhatsApp da Wattpad da Facebook, su ba da somin-taɓi kyauta, mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa ta cikin rukuni. Wadda ba ta iya karatun boko ba, ko ba ta da wayar kanta, tana sauraron masu karanta littafi a rediyo da YouTube, ko a tura mata sautin a katin ajiya ta ji a wayar yayarta.

Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata zalla a 2016 ta nuna yawan masu alƙalamin. Labarin da ya fara lashe ta, *Sansani* na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake, kuma galibin waɗanda suka biyo baya rayuwar zahiri suka kama. Gajeren labari bai da filin gina sabuwar duniya da garuruwanta da dokokinta. Rubutun waya yana da wannan fili, don labari na iya kai wata da watanni ana bin sa, kuma tuni aljanu da sarautu da gimbiyoyi suka cika shi, ko da yake yawanci soyayya ce ke jan ragama, abin al'ajabin yana biye.

Wani abu kuma da Abubakar Imam bai samu ba, marubuciyar waya ta samu: masu karatunta suna nan tare da ita tun labari bai ƙare ba. Ta saki shafi da dare, kafin safiya sun cika rukuni da ƙorafi. Wata ta ce jarumar ta cika kuka, wata ta ce kada a kuskura a aurar da ita ga yariman nan, wata ta yi rantsuwar fita daga rukunin in aka bar kishiyar uwa ta ci bulus. Marubuciyar da ke son a sake biyan kuɗin littafi na biyu tana karanta wannan duka kafin ta rubuta shafi na gaba. Yadda wannan ciniki yake gudana, da wanda ke samun riba a cikinsa, shi ne abin da babi na shida zai bi diddigi.